Kwantiragin shekara ɗaya mai albashi da tsoka, ko in zauna wurin Alhaji?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar aiki da takardu.

Shekara shida ke nan ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan cikin Sakkwato. Ma'aikata mun kusa arba'in. Abin da ke shigowa asusuna a wata naira 240,000 ne. Babu fansho, babu inshorar lafiya, amma Alhaji, mai kamfanin, yana ba da buhun shinkafa da azumi da kuɗin rago da layya, kuma idan larura ta taso yana ranta wa mutum kuɗi a riƙa cirewa a hankali. Yanzu haka akwai ragowar 180,000 a kaina.

Wata ƙungiyar agaji ta yi mini intabiyu, sun turo imel cewa sun ɗauke ni jami'in kula da kaya da sufuri. Albashi 520,000 kafin a cire haraji da fansho, kwantiragin wata 12, za a sabunta idan kuɗin aikin sun samu. Ofis a nan cikin gari, amma akwai fita ƙananan hukumomi. Suna so in fara nan da mako uku.

Da na gaya wa Alhaji sai ya ce in zauna, zai ƙara mini 60,000, kuma nan gaba zai ba ni manajan reshe. Mata ɗaya, yara huɗu, hayar gida 600,000 a shekara. Ta ina zan fara auna abin nan?

Mai Alƙalami:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da fitar da 520,000 daga ranka, don ba ita za ka gani a alat ba. Kana gwada kuɗin da ba a taɓa ba da kuɗin da suka riga suka shiga aljihu, kuma a nan mafi yawan mutane ke ruɗar kansu.

520,000 sau 12 ya ba da 6,240,000 a shekara. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. Idan a kan albashin gaba ɗaya za su lissafa, naka 41,600 ne a wata, wato 499,200 a shekara. Wasu wuraren a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri kawai suke lissafawa, to sai abin ya ɗan ragu. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyaka 500,000, naka ya zama 120,000, amma sai ka kai wa ofishin albashi rasit ko takardar haya kafin su sa maka. Cire waɗannan biyun, abin da za a yi wa haraji ya rage 5,620,800. Naira 800,000 na farko ba haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, wato 330,000. Ragowar 2,620,800 kashi 18, wato 471,744. Jimilla 801,744 a shekara, kusan 66,800 a wata. Abin da zai faɗo asusunka kusan 411,600 ne.

Yanzu ka dawo wurin Alhaji ka yi masa adalci. Shinkafa da kuɗin rago albashi ne da ba a rubuta ba. A ce sun kai 300,000 a shekara, kai ka san ainihin adadin, ka sa naka. Wannan 25,000 ne a wata. Kenan yanzu kana kan 265,000, idan ƙarin ya tabbata kuma 60,000 ɗin a hannu ne, 325,000.

Tambayar da ta fi muhimmanci ba nawa ne bambanci a wata ba. Tambayar ita ce: idan ba a sabunta kwantiragin ba, wata nawa za ka iya zama ba aiki kafin ribar ta ƙare? Shekara ɗaya a ƙungiya za ta ba ka kusan 4,939,000 a hannu. Raba da 325,000, ka samu wata 15 da 'yan kwanaki. Ma'ana idan ka wuce wata uku kana neman wani aikin, wanda ya zauna wurin Alhaji da ƙarinsa ya kamo ka. Idan kuwa ƙarin bai zo ba, ka raba da 265,000, ka samu wata 18 da rabi, wato kana da sararin wata shida da rabi. Ka ga alkawarin 60,000 ɗin nan shi ne ke juya lissafin gaba ɗaya, don haka dole ka san ko na gaske ne.

Akwai abin da ban sa a ciki ba. Kashi 18 na fansho, naka da nasu, zai tara maka 1,123,200 a shekara ɗaya, abin da shekara shida a sito ba su tara maka ko kwabo ba. Kuɗinka ne, asusun da sunanka yake, yana binka duk inda ka koma. Sai dai kada ka lissafa shi cikin kuɗin cefane. Kafin ka kai shekara 50, abin da doka ta yarda ka cira shi ne kashi 25, kuma sai ka yi wata huɗu ba ka da aiki. Daga wannan adadin kusan 280,000 ke nan.

Idan ka tafi, sharaɗin da zai sa tafiyar ta yi amfani guda ɗaya ne: ka ci gaba da rayuwa a kan 265,000. Ragowar 146,000 ka ware ta ranar da albashi ya shigo, ba ƙarshen wata ba. A shekara ta kai kusan 1,750,000, ka cire bashin Alhaji 180,000, saura ya riƙe gidanka wata shida. Abin da ke ɓata wannan tsarin sananne ne: da an ji ka shiga ƙungiya, buƙatun dangi kan ninku, sai a sauya wa yara makaranta zuwa mai tsada, a bar Mabera a kama gida a Arkilla ko Bado. Kuɗin makaranta da haya ba sa sauka ranar da kwantiragi ya ƙare.

Game da ƙarin kansa, 60,000 a kan 240,000 kashi 25 ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Idan an daɗe ba a taɓa albashinka ba, wannan ba ƙari ba ne, cike gibi ne, kuma bai ma cike ba.

Hajiyar Arkilla:

Lissafin da aka yi maka daidai ne, amma duk a kan imel aka gina shi. Ƙanena, imel ba kwantiragi ba ne. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai ka riƙe yarjejeniya mai sa hannunsu, ka karanta ta shafi-shafi, ka sa naka hannun. Yawancin ƙungiyoyin nan tayinsu na farko da sharaɗi yake zuwa: sai sun tuntuɓi wuraren da ka yi aiki, sun duba takardun makaranta, wani lokaci har gwajin asibiti. Kafin a gama wannan suna iya janyewa ba tare da ka iya bin su ko sisi ba.

Kafin komai ka tabbatar tayin na gaskiya ne. Imel ɗin daga adireshin ƙungiyar ya fito ko daga Gmail? Ka je ofishinsu da ƙafarka ka ga mai kula da ma'aikata. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya a wani asusu, damfara ce.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi: wa ke ba da kuɗin aikin, kuma wace rana tallafin zai ƙare? Kalmar "idan kuɗi sun samu" tana da fuska biyu. Idan tallafin na shekara uku ne kuma yanzu aka shiga ta farko, kwantiragin wata 12 al'ada ce kawai ta ofis, sabuntawa na da sauƙi ga wanda ya yi aiki da kyau. Idan kuwa tallafin saura wata goma ya ƙare, to ko watanni 12 ɗin ba su da tabbas. Ka tambaya kai tsaye, ba rashin kunya ba ne. Ka kuma tambaya ko kujerar sabuwa ce ko wani ya bari, da dalilin barinsa. Kuma ko tallafi mai tsawo na iya yankewa. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, ayyukan lafiya da na ilimi da hukumar agajin Amurka, USAID, ke ɗaukar nauyi a Arewa suka tsaya cak, zuwa Yulin shekarar an rufe hukumar. Ƙungiyar da ke cin tallafi daga wurare uku ko huɗu ta fi wadda ta rataya ga mai bayarwa ɗaya.

A cikin takardar ka nemi sunan da suka ba ka. Ma'aikaci ne kai ko mai ba da shawara na wucin gadi? Na biyun kashi 5 ake cire masa na haraji tun daga tushe, kuɗin hannu sai su yi kamar sun fi yawa, amma babu fansho, babu inshora, babu hutu. Ka duba kuma wa ya sa hannu a matsayin mai ɗaukarka, ƙungiyar kanta ko wani kamfani da ke samo mata ma'aikata, don haƙƙinka a wuyan mai sa hannun yake. Ka duba tsawon lokacin gwaji, wata uku ne ko shida, da notis ɗin da za su ba ka a cikinsa, don sau da yawa gajere ne ƙwarai. Ka duba ko akwai kuɗin sallama a ƙarshen kwantiragi, da yadda ake lissafa shi.

Inshorar lafiya: tsarin da aka saba shi ne kai, mata ɗaya, da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wanda ya yi daidai da gidanka. Amma ka nemi jerin asibitocin da katin ke aiki a Sakkwato. Kati mai kyau da asibitocinsa duk suna Abuja da Legas bai amfane ka ba ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare.

Batun fita ƙananan hukumomi kada ka wuce shi da sauri. Fita Bodinga ko Wamakko daban, fita Isa, Sabon Birni, Goronyo ko Rabah daban. Jami'in kaya shi ke bin mota. Ka tambayi waɗanne ƙananan hukumomi ne, sau nawa a wata, da motar ofis ko ta haya, wa ke ba da izinin tafiya bayan duba tsaron hanya, ƙarfe nawa dole a dawo, kuma ko kana da ikon ƙin tafiya ba tare da an rubuta maka laifi ba. Dokar fansho ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, a naka 18,720,000. Ka nemi a nuna maka a rubuce, ka cike sunan magada. Ka zauna da maiɗakinka ku yi wannan maganar tun kafin ka sa hannu, don ita ce za ta riƙa jiran dawowarka.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka da alheri. Na je ofishin yau. Sun ce ma'aikaci ne cikakke, gwaji wata uku, tallafin saura wata 20, daga mai bayarwa ɗaya. Fita sau biyu a wata, har da Goronyo da Wurno. Kwantiragin zai fito bayan sun kira inda nake aiki. Abin da ya dame ni yanzu shi ne Alhaji za su kira, kuma mako uku ya yi mini kaɗan. Ban taɓa samun takardar ɗaukar aiki a wurinsa ba.

Tsohon Ma'aji:

Ɗana, wanga al'amari na Alhaji shi ne ya fi buƙatar natsuwa, don Sakkwato gari ne da kowa ya san kowa. Wanda ka bari yau, gobe kuna sahu ɗaya a jana'iza, kuma shi za a tambaya halinka duk lokacin da ka nemi wani aiki.

Alkawarinsa ka gwada shi da abu uku, cikin ladabi. Ƙarin daga wane wata zai fara? Manajan wane reshe, akwai reshen ko sai an buɗe, kuma yaushe? Sannan zai yarda a rubuta a takardar kamfani? Kai ke riƙe da sito, ka fi kowa sanin ko kamfanin na iya ɗaukar wannan nauyi: tirela nawa ke sauke kaya a wata yanzu, nawa ke saukewa shekara biyu da suka wuce, kaya na daɗewa ko suna fita, masu kawo kaya ana biyansu a kan lokaci ko suna zarya. Idan kasuwa na gaba kuma ya rubuta, zama ba wauta ba ne, aikin da ba shi da ranar ƙarewa yana da darajarsa ga mai yara huɗu. Idan ya ce "ai tsakaninmu ba sai da takarda ba", to ka ɗauki ƙarin a matsayin abin da zai iya tsayawa ranar da aka samu wanda zai riƙe sito.

Ka nemi fansho a cikin sharaɗin zama. Kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama doka ta ɗora masa shiga tsarin, ku kuwa kun kusa arba'in. Kashi 10 na 300,000, wato albashinka bayan ƙarin, naira 30,000 ne a wata. Amma ka kawo shi a matsayin buƙatar iyalinka, kada ka shiga masa da maganar doka da kotu alhali kana neman shaidarsa.

Notis: dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar ko fiye ya ba da wata ɗaya, kuma ga mai karɓar albashin wata ba tare da takarda ba, wata ɗayan ne abin da aka saba. Kada ka yanke shi don mako uku. Ka rubuta wa ƙungiyar cewa za ka fara wata ɗaya daga ranar da ka sa hannu, saboda miƙa sito. Masu neman wanda zai riƙe musu kaya ba za su ƙi mutum don ya tsaya miƙa amana ba.

Idan tafiya ta tabbata, ka same shi da kanka kafin takarda ta same shi, a gida ko bayan la'asar lokacin da ba jama'a, in da hali tare da wanda ya kawo ka wurinsa tun farko. Ka gaya masa za a kira shi, ka roƙi ya faɗi abin da ya sani. Sannan takarda kofi biyu, a sa hannu da kwanan wata a naka. Bashin 180,000 ka kawo maganarsa da bakinka, ka biya gaba ɗaya ko ku rubuta wata uku 60,000-60,000, ka karɓi rasit.

Miƙa sito shi ne inda ake ɓata wa mutane suna. A ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, kai da mai karɓa da akanta, a gwada da katin kaya da littafin shiga da fita. Kayan da suka lalace, waɗanda wa'adinsu ya ƙare, da waɗanda aka fitar bashi ko da umarnin baki, kowanne a rubuta shi daban da sunan wanda ya ba da umarni. Ku uku ku sa hannu a kowane shafi, ka ɗauki hoto, ka riƙe kofi. Makullai a miƙa su a ranar, a rubuta adadinsu, kuma ka ba da shawara a sauya kwaɗo. Duk katan ɗin da ya ɓace bayan wata biyu, idan babu wagga takarda, sunanka za a kira.

Ka kuma gwada roƙonsa hutun shekara ɗaya ba albashi maimakon ajiye aiki. Ba dole ya yarda ba, amma ko ya ce "in ka gama ka dawo mu gani", ka samu ƙofa.

Mai Alƙalami:

Da bayanin da ka kawo, ni ina ganin ka tafi, da sharaɗin kwantiragi ya shigo hannu kuma amsar tsaron hanyar Goronyo ta gamsar da kai da iyalinka. Baba Tsohon Ma'aji ya yi gaskiya kan darajar aikin da ba shi da wa'adi, amma aikin da ba takarda, ba fansho, shi ma yana iya ƙarewa da magana ɗaya. Saura wata 20 na tallafi na nufin idan ka tsallake gwaji akwai damar ƙarin wata takwas. 411,600 sau 20 ya haura miliyan 8.2, daidai da wata 25 na zama a kan 325,000.

Abin da za ka fita da shi ya fi kuɗin: tsarin sayen kaya da neman farashi daga 'yan kasuwa uku, rahoton kaya a Excel, kula da motoci da mai, shirya takardu don masu binciken kuɗi. Ƙungiyoyi daga junansu suke ɗaukar ma'aikata, kuma kamfanoni manya irin na siminti a Kalambaina da masu rarraba taki suna neman wannan ƙwarewar. Ka fara tura takardun neman aiki tun wata na takwas, kada ka jira wasiƙar ƙarshe.

Kafin ranar farawa ka buɗe asusun fansho da ɗaya daga kamfanonin da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba lasisi, ka tafi da lambar NIN, ka miƙa wa ofishin albashi lambar asusun. Doka ta ba su kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi su zuba kuɗin, don haka ka duba saƙon kamfanin fanshon kowane wata, kada ka dogara da abin da ke takardar albashi kawai. Harajinka kuma hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato ya kamata ya shiga tunda a nan kake zaune, ko da babban ofishinsu na Abuja ne. Ka tabbatar da wannan a wata na farko, don ranar da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji a nan za a duba.